Yadda ake haɗa tentsuyu, romon da Japanawa ke tsoma tempura a ciki

Sau da yawa uwargida kan sha wahalar soya tempura, ta fito fes, ƙamas-ƙamas, sai a zo wajen ci a tsiyayo soya sos tsurarsa a kwano a tsoma. Nan take gishiri ya danne komai, ba a jin zaƙin kabewa, ba a jin ɗanɗanon jatan lande. Japanawa ba haka suke cin ta ba. Suna da romo na musamman da suke kira tentsuyu, mai ruwa-ruwa, mai launin shayi, wanda ko kurɓarsa aka yi da cokali ba zai ƙona harshe ba. Ita kuwa tempura, ga wadda ba ta san ta ba, kifi ne ko jatan lande ko kayan lambu da ake tsomawa a ƙullun fulawa mai sanyi, a soya a cikin mai mai yawa. Turawan Fotugal ne suka kai wannan salon suya Nagasaki a ƙarni na 16, daga baya ta zama abincin bakin titi a Edo, wato Tokiyo ta yau.

Na haɗa wannan romo sau ba adadi, kuma abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne: ba soya sos ce uwar tafiya ba. Uwar tafiya ita ce dashi, wani romo garai-garai da ake yi da ganyen teku da busasshen kifi. Idan dashinki ya yi kyau, sauran aikin bai wuce minti biyar ba.

Kayan aiki

Ƙananan tukwane biyu, mataci mai ƙananan idanu, ƙyalle mai tsabta ko takardar kicin da za a shimfiɗa a kan matacin, abin goga kuɓewa mai ƙananan haƙora, kofin awo, babban cokali mai cin mililita 15, da ƙaramin cokali na shayi. Idan kina da sikelin kicin zai taimaka, domin kifin da za mu yi amfani da shi ba shi da nauyi ko kaɗan, ido na iya yaudararki. Sai ƙananan kwanuka, kowane mai ci da nasa.

Kayan haɗi, na mutum huɗu

Na dashi: ruwa rabin lita, kombu giram 5, katsuobushi giram 10.
Na romon: dashi mililita 240, shoyu babban cokali 4, mirin babban cokali 4, ko madadinsa da zan faɗa a ƙasa.
Na kai wa tebur: daikon (wani farin tushe mai kama da karas) guntu mai tsawon yatsa, da ɗanyar citta 'yar kaɗan.

Bari in yi bayanin waɗannan sunaye, don kada ki je kanti ki rasa abin da za ki nuna.

Kombu busasshen ganyen teku ne, baƙi-baƙi, mai faɗi da tauri kamar fata. Mafi yawansa daga tsibirin Hokkaido yake fitowa, a arewacin Japan, kuma za ki ga sunaye irin su Rishiri, Rausu ko Hidaka a jikin leda. Kowanne kika samu ya isa. Giram 5 bai wuce rabin tafin hannu ba. Kada ki ɗauko nori, wannan siririn ganyen da ake naɗe sushi da shi, domin ba zai yi wannan aikin ba.

Katsuobushi kifin katsuo ne, ɗan uwan tuna, da ake dafawa, a yi masa banda, a busar har ya yi tauri kamar itace, sannan a fere shi siriri kamar abin da kafinta ke zubarwa in yana goge katako. Garuruwan Makurazaki da Yaizu sun yi suna wajen yin sa. Giram 10 zai cika miki hannu kamar sau biyu. In kin buɗe ledar, ki ɗaure sauran da kyau ki sa a firiza, don ƙamshinsa ba ya jure iska.

Shoyu shi ne soya sos ɗin Japan. Ki nemi wanda ake kira koikuchi, shi ne na yau da kullum, kuma galibin kwalaben Kikkoman da ake gani a manyan kantuna shi ne a ciki. Akwai usukuchi da mutanen yankin Kansai, wato wajen biranen Osaka da Kiyoto, suka fi so. Launinsa bai kai wancan duhu ba, amma ya fi shi gishiri, don haka kada hasken ya ruɗe ki ki ƙara yawa. Abin da zan hana ki gaba ɗaya shi ne baƙar soya sos mai kauri irin ta Sin, wadda ake sa wa soyayyar shinkafa don launi. Za ta mayar miki da romon baƙi ƙirin, da ɗaci-ɗacin ƙonannen sukari.

Batun mirin

A nan dole in tsaya, domin magana ce da ta shafi yawancinmu. Mirin na asali, wanda ake rubuta wa hon mirin, giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasar da ke cikinsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100. Japanawa kan tafasa shi kafin amfani don barasar ta tashi, amma tafasa ta minti ɗaya ko biyu ba ta kwashe ta duka. Akwai wani da ake kira mirin-fu, wanda barasarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ana samun masu tambarin halal. Ni a kicin ɗina ba na sa mirin ko kaɗan. Ga abin da nake yi a madadin babban cokali 4 ɗinsa: sukari ƙaramin cokali 4, da ƙarin dashi babban cokali 3. In ina son ɗan sheƙin da mirin ke bayarwa, sai in rage sukarin zuwa cokali 3, in cika da zuma ƙaramin cokali ɗaya. Na sha ba baƙi wannan, ban taɓa jin wanda ya ce wani abu ya yi ƙaranci ba.

Haka shi ma shoyu, da yake jiƙa waken soya da alkama ake yi su daɗe suna tsima, akan samu ɗan burbushin barasa a cikinsa. Wadda wannan ya dame ta, ta duba kwalba mai tambarin halal. Wadda kuma jikinta ba ya karɓar alkama, ta lura akwai ta a cikin yawancin shoyu.

Mataki na 1: jiƙa kombu

Ki ɗauki ƙyalle mai ɗan danshi ki shafe kombu sama-sama, don ƙura ko yashi. Kada ki wanke shi a ƙarƙashin famfo. Wannan farar hodar da kike gani a jikinsa ba fumfuna ba ce, wani sinadari ne mai ɗan zaƙi da ke fitowa in ganyen ya bushe, kuma yana cikin abin da muke nema. Ki sa shi a tukunya da ruwa rabin lita mai sanyi, ki bar shi aƙalla minti 30. In kin san gobe za ki yi tempura, ki jiƙa shi tun dare ki sa a firiji, ya fi fitar da daɗi.

Ruwan ma da magana. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi, irin wanda ke barin farin dabbare a gindin buta, ba ya jan ɗanɗanon kombu yadda ya kamata. Tun da rabin lita ne kawai, ki yi da ruwan gora ko na leda.

Mataki na 2: ɗumama shi, ban da tafasawa

Ki ɗora tukunyar a wuta kaɗan-kaɗan, ki ba ta kamar minti goma ta yi zafi a hankali. Ki tsaya a kanta. Da kin ga ƙananan kumfa sun fara jeruwa a gindin tukunya da gefenta, ruwan yana shirin motsi amma bai tafasa ba, ki tsame kombu. Wadda ke da ma'aunin zafi, wajen digiri 60 ne ganyen ya fi ba da abin da ke cikinsa.

Wannan shi ne kuskuren da na fara yi, kuma kusan duk wadda na koya wa sai ta so yin sa, saboda mu mun saba romo sai ya sha wuta. Na bar kombu ya yi ta tafasa ina ganin haka zai fi, sai ruwan ya yi yauƙi kamar an kaɗa karkashi, ga ƙarnin teku, ga ɗaci. Ba shi da gyara, zubarwa na yi na sake.

Mataki na 3: zuba katsuobushi

Bayan kin cire kombu, ki ƙara wuta ruwan ya tafaso sau ɗaya, sai ki kashe. Ki watsa katsuobushi duka a kai. Kada ki juya, kada ki danna shi da ludayi. Zai jiƙe da kansa ya fara nutsewa. Ki ƙirga minti ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka da yawa sai tsami da ƙarni su biyo baya.

Mataki na 4: tacewa

Ki shimfiɗa ƙyalle a kan mataci, ki tsiyaye romon a hankali cikin kwano. Hannu zai so ya matse kifin don kada a yi asara. Ki bar shi ya ɗige da kansa kawai, matsewa na gurɓata romon ya kawo ɗaci. Abin da za ki samu ruwa ne garau mai launin zinariya, kamar mililita 400, da ƙamshin hayaƙi mai taushi.

Ki ɗanɗana. Za ki ji kamar ba komai, tun da babu gishiri, amma bayan kin haɗiye sai wani daɗi ya zauna a harshe ya ƙi tafiya. Shi ne Japanawa ke kira umami. Wani malamin kimiyya a jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet da ke cikin kombu ne ke kawo shi, kuma daga wannan binciken aka fara sayar da Ajinomoto a 1909, wato farin magin nan da ke kowace kasuwa tamu. Kifin kuma yana da nasa sinadarin daban, kuma in biyun suka haɗu daɗin yakan ninka, ya wuce na kowannensu shi kaɗai. Dalilin da ya sa ba a yar da ɗaya a riƙe ɗaya ke nan in dai da hali.

Mataki na 5: haɗa romon

A ɗaya tukunyar, ki auna dashi mililita 240, ki zuba sukari da ƙarin dashin da ke madadin mirin, ki ɗora a wuta matsakaiciya kina juyawa har sukarin ya narke. Sannan ki zuba shoyu. Da ya fara motsi a gefe-gefe, ki sauke. Shoyu ba ya son doguwar tafasa, ƙamshinsa ne ke gudu ya bar miki gishiri zalla. Mai amfani da mirin ita kuma shi take fara zubawa a tukunya shi kaɗai, ya tafasa kamar minti ɗaya, kafin dashi da shoyu su biyo.

Awon da za ki haddace shi ne huɗu, ɗaya, ɗaya: dashi kashi huɗu, shoyu kashi ɗaya, mirin ko madadinsa kashi ɗaya. Da wannan za ki iya yi wa mutum biyu ko ashirin, ko da ludayi kike awo. Wasu na yin uku, ɗaya, ɗaya, ya fi ƙarfi, kuma ya dace in za a zuba daikon da yawa, tun da ruwansa na tsinka romon. Ni na fi son huɗun, musamman ga kayan lambu.

Wata dabara da na koya daga baya: in kina son ƙamshin kifin ya fito sosai, bayan kin sauke tukunyar ki jefa katsuobushi ɗan tsinke da yatsu uku, ki bar shi minti ɗaya, ki sake tacewa. Ranar da nake da baƙi ba na tsallake wannan.

Mataki na 6: ɗanɗanawa da gyara

Kada ki yanke hukunci da cokali kawai. Ki soya tempura guda ɗaya, ko ɗan ɗigon ƙullun da ya soyu, ki tsoma ki ci, don mai da fulawa na rage kaifin gishiri. In ya yi gishiri, ki ƙara dashi cokali-cokali, ba ruwa ba. In ya yi lami, shoyu ƙaramin cokali ɗaya. In yana da kaifi a maƙogwaro, sukari kaɗan ne ya rage. Kada ki sa gishiri, kada ki sa dunƙulen magi, kada ki sa kori ko tafarnuwa. Na san hannunmu ya saba, amma a nan duk za su rufe abin da kika sha wahalar fitarwa.

Mataki na 7: daikon da citta

Daikon wani dogon farin tushe ne, siffarsa kamar ƙaton karas, mai ruwa da ɗan yaji-yaji. Ki fere bawon, ki goga shi ya yi laushi kamar dusar ƙanƙara. Ɓangaren sama, kusa da ganye, ya fi zaƙi. Na ƙasa wajen jela ya fi yaji, sai ki zaɓi wanda ya yi miki. Ki tara shi a tafin hannu ki ɗan matse kaɗan, ruwan ya ragu amma kada ya bushe. Ki dunƙula shi ƙanana, ki ɗora gogaggiyar citta kamar ƙwayar gyaɗa a kan kowanne.

Ki bar wannan aikin sai dab da za a ci. Daikon da aka goga aka ajiye awa ɗaya yakan saki wari, yajinsa kuma ya mutu. Amfaninsa a romon biyu ne: yana yanke maiƙo, kuma yana sa romon ya manne a jikin tempura maimakon ya zube. Masu son yaji, Japanawa na da abin da suke kira momiji oroshi: a huda daikon da tsinke, a cusa busasshen jan barkono a ramin, a goga su tare, ya fito ja-ja. Na ga wannan ya fi karɓuwa a teburinmu.

Mataki na 8: kai wa tebur

Romon da ɗumi ake ba da shi, irin ɗumin shayin da za a iya kurɓa ba tare da hurawa ba. In ya yi sanyi zai sanyaya tempura, man ya daskare a baki. Don haka ki haɗa shi kafin ki fara suya, ki rufe, in kin kusa gamawa ki ɗan ɗumama. Kowa a zuba masa nasa a ƙaramin kwano, ya sa daikon da citta gwargwadon son ransa. Wajen ci, a tsoma kashi ɗaya cikin uku ko rabi, a ɗaga nan da nan a kai baki. Wanda ya bar tempura ta kwanta a cikin romo, ɓawon zai jiƙe ya saɓule, wahalar suya ta tafi a banza.

In wani abu ya ɓace

Ba kowane gari ake samun waɗannan kaya ba, sai manyan kantuna ko shagunan da ke sayar da kayan abincin Asiya, ko a yi oda ta intanet. Ga yadda nake yi in na rasa.

In babu kombu da katsuobushi amma akwai garin dashi na leda, irin Hondashi, ki narka rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi mililita 300. Yana da gishiri a cikinsa, saboda haka ki fara da shoyu babban cokali 3, ki ɗanɗana kafin ki cika.

In katsuobushi ne babu, ki nemi ƙananan busassun kifi marasa maiƙo. Japanawa ma suna yin dashi da irinsu, suna kiransu niboshi. Ki cire kawunan da baƙaƙen kayan cikin nan, nan ɗaci yake. Ki ɗauraye yashi, ki jiƙa giram 15 a ruwa rabin lita na minti 30, ki dafa a wuta kaɗan minti shida ko bakwai kina kwashe kumfa, ki tace. Bandar tarwaɗa kam ban ba ki shawara ba, maiƙonta da hayaƙinta sun yi yawa, romon zai koma kamar farfesu.

In kombu ne babu, ki yi romon kifin kawai, ki sa farin magi ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ai kin ji asalinsa, ba baƙo ba ne a wannan tukunya. Mai ciwon maƙoƙo da likita ya hana ta yawan sinadarin aidin, ita ma wannan hanyar ta fi mata, domin kombu na ɗauke da shi da yawa.

Wadda ba ta cin kifi, ta jiƙa busasshen shiitake guda biyu ko uku tare da kombu a ruwan sanyi, su kwana a firiji. Shiitake wani nau'in naman kaza ne, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Romonsa ya fi duhu da ƙarfin ƙamshi, yana tafiya da tempurar kabewa da dankalin Hausa ƙwarai.

In babu daikon, ƙananan jajayen radish da ake sa wa salak za su yi, a fere su a goga. In su ma babu, citta kaɗai ta isa, a ɗan matsa lemon tsami a kan tempurar. In kuwa shoyun kirki ne kika rasa gaba ɗaya, kada ki tilasta. Ki daka gishiri ya yi laushi ki ajiye a gefen faranti da yankan lemon tsami. A Osaka da Kiyoto da yawa da gishiri suke cin tempurarsu, wasu ma su gauraya shi da garin koren shayi.

Ajiya da ragowa

Romon da ba a tsoma komai a ciki ba zai yi kwana biyu zuwa uku a firiji cikin kwalba mai murfi, in dai wuta na tsayawa. In ba ta tsayawa, ki yi daidai na ranar. Wanda aka riga aka ci da shi, ko aka sa wa daikon, ba a ajiye shi. Ragowar dashi kuwa ki zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar, duk ranar da kike buƙata ki ɓallo guda nawa kike so.

Kombu da kifin da kika tace ma ba shara ba ne. Ki mayar da su tukunya da ruwa kofi biyu, ki dafa a wuta kaɗan kamar minti goma, ki tace. Wannan shi ake kira niban dashi, wato romo na biyu; bai kai na farko ƙamshi ba, amma yana yin miya da dahuwar kayan lambu. In kuma tempura ta kwana, ki ɗebi romon rabin kofi, ki ƙara shoyu babban cokali ɗaya da sukari ƙaramin cokali biyu, ki dafa ya ɗan yi kauri. Ki ɗumama tempurar a oben ko a busasshen kasko, ki jera ta a kan farar shinkafa mai zafi, ki yaryaɗa romon a kai. Wannan shi ne tendon, kuma a gidana yara sukan roƙa a soya da yawa tun daren don a samu na gobe.